Awon hannun yaro a Adre, da amsar tambayar 'yar uwata ta Rigasa

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Kaduna da duk inda wannan bidiyo ya iske ku. Yanzu aka idar da sallar La'asar a nan Adre, a gabashin Cadi, kuma rumfar da kuke gani a bayana ita ce wurin da muke duba yara masu tamowa. Na jira har layi ya watse kafin in kunna waya, domin bai kamata in nuna wa duniya fuskokin mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu ba.

Wata 'yar uwa daga Rigasa ta aiko mini da tambaya, tana son ta san yadda aka yi na tabbatar cewa Allah ne ya zaɓa mini wannan hanya, har na bar aikin jinya a gida na taho bakin iyakar Sudan. Lokacin da takardar aikin ta zo, na yi sallar istihara a ɗakina da ke Tudun Wada dare uku a jere, ina sa ran mafarki ko wata alama, amma ban ga komai ba. Mama ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, ɗiya mace a bakin dagar da ba ta mutanenta ba. Baba kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Ke 'yar nan, wa ya gaya miki istihara mafarki ce? Kin roƙi zaɓin Allah, kin yi shawara da manya, saura ki ɗaga ƙafa. In alheri ne zai sauƙaƙa, in kuwa ba alheri ba ne zai kawar miki da shi ko da kin kai tasha." Daga nan ya tuna mana cewa mahaifinsa ta wannan hanya ya bi zuwa aikin Hajji a ƙasa, daga Kano zuwa Maiduguri, ya ratsa Injamena da Abece, ya shiga Darfur ta nan Adre. Ita ce tsohuwar hanyar alhazai, kuma wajen gabas ɗin nan ne Muhammadu Bello Mai Wurno ya nufa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da Mama ta ji haka, sai ta yi shiru, washegari ta fara daka mini yaji.

Mutanen da muke yi wa hidima ta waccan hanya suka zo, sai dai su yamma suka fuskanto. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati na Janar Burhan da dakarun RSF, wato rundunar mayaƙan Hamdan Dagalo, kuma bayan an kashe gwamnan Yammacin Darfur, Khamis Abakar, a watan Yuni na wannan shekara, jama'ar Janaina, babban birnin jihar, musamman 'yan ƙabilar Masalit, suka kwararo nan a ƙafa, tafiyar kimanin kilomita 30. Kafin ƙarshen 2024 waɗanda suka tsallako Cadi sun haura 700,000, mafi yawansu mata da ƙananan yara.

Aikina na kullum ba shi da wani kwarjini. Ga abin awon a hannuna, ku duba, ɗan zare ne na roba mai launi uku da muke naɗawa a damtsen yaron da ya kai wata 6 amma bai cika shekara 5 ba. Idan awo ya gaza santimita 11.5 ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. Abin da ya haura haka kore ne. Muna kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in wurin ya loɓa bai dawo ba, mun san kumburi ya shiga. Wanda ya faɗa ja muna gwada shi da abincin tamowa, wani kwaɓi na gyaɗa da garin madara da sukari da mai, wanda ƙamshinsa kan tuna mini da tunkuzar masu ƙuli-ƙuli a unguwarmu. In ya ci, sai mu ba uwarsa na mako guda ta tafi da shi. In ya kasa ci, sai a kwantar da shi a fara masa madara ta musamman. Wani lokaci uwa kan raba wa sauran 'ya'yanta abin da aka ba ta don ɗaya, kuma ko da yake ina yi musu faɗa, a zuciyata ban taɓa iya ganin laifinsu ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na kunna waya yau. Mako biyu da suka wuce ruwan damina ya cika kwazazzaban da ke kan hanyar Abece, motocin kaya suka maƙale, abincin da muke ba yaran rawaya ya ƙare, na masu ja ma katan ƙalilan suka rage. A wannan hali wata baiwar Allah ta zo da ɗanta mai wata 14. Na naɗa masa abin awo, ya tsaya a 11.7. Milimita biyu ko uku ne tsakaninsa da ja, kuma duk wanda ya taɓa riƙe wannan zare ya san cewa in na ɗan matse shi kaɗan, ba wanda zai gane, yaron zai shiga rajista ya tafi da abincin mako guda. Na daɗe riƙe da damtsensa. Amma katan ɗin a ƙirge suke, kuma a bayanta akwai mata riƙe da yaran da ko kuka ba sa iya yi. Na rubuta 11.7 kamar yadda yake, na ba shi maganin tsutsar ciki, na roƙe ta ta dawo bayan kwana bakwai. Ba ta yi mini gardama ba, ta goya ɗanta ta tafi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A daren ban runtsa ba. Da safe na gaya wa wata dattijuwa da ke yi mana tafinta, Bahaushiyar Janaina ce wadda kakanninta suka fito da niyyar Makka suka yada zango a Darfur, Hausarta tana gauraye da Larabci amma tana fita tsaf. Na ce, "Inna, ina tsoron na mayar da yaron nan ga mutuwa." Ta dube ni ta ce, "'Yata, awo aka ba ki, ba a ba ki rai ba. Da kin matse zaren, da kin ɗauki abincin wanda ba ki sani ba kin ba wanda kika gani." Ta ƙara da hadisin nan na mai raƙumi, wanda aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali, ta ce ɗaurin da ya rage mini shi ne in tashi in nemi matar maimakon in zauna ina ƙididdigar abin da ba ni da iko a kansa.

To 'yar uwata ta Rigasa, ni har yau ban samu irin tabbacin da kike tambaya ba, kuma na daina jiransa kafin in fita aiki. Ina yin alwala, in roƙi Allah ya kama hannuna kada in zalunci wani da tausayina, sannan in auna yaro yadda aka koya mini.

Matar ba ta dawo ranar da muka yi da ita ba. Na tura masu zagayawa bukka bukka, suka gano cewa an kwashe ta tare da maƙwabtanta zuwa sansanin Metche, kamar yadda hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi domin a rage cunkoso a bakin iyaka. Na rubuta sunan yaron da awonsa na aika wa abokiyar aikina da ke can, kuma har zuwa wannan La'asar ba ta same shi ba. Motocin kaya sun iso jiya da daddare, gobe da sassafe za mu buɗe katan. Ku sa shi a addu'a, kuma wanda ya biya ta Tudun Wada ya gaya wa Mama yajin nan ya kusa ƙarewa.