Ganye ɗaya, mita 25

Jama'a masu kallo, da za a tambaye ku ganyen da ya fi kowane girma a duniya, na tabbata da yawanku ayaba za ku ce. To, ayaba ko kusa ba ta yi ba. Mai riƙe da kambun 'yar'uwar tukurwa ce, wadda masana tsirrai ke kira Raphia regalis, kuma a Afirka take: dazukan kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon, Kongo har Angola.

A shekarar 1969, wani masani Bafaranshe, Francis Hallé, ya auna ganyenta guda ɗaya a Kongo, ya samu mita 25 da 'yan kai. Faɗinsa kuwa ya kai wajen mita 3. In aka miƙe shi tsaye, zai yi kafaɗa da bene mai hawa takwas. Gangar jikin bishiyar ma ba ta cika fitowa fili ba, sai ka ga ganyayen kamar daga ƙasa suka ɓullo.

Wani zai ce, ai wannan reshe ne, ba ganye ba. A nan gizo ke saƙar. Tukurwa ba ta da rassa irin na sauran itatuwa. Gwangwalar nan da ake yin gado, tsani da jinka da ita, ƙashin bayan ganye ɗaya ce tak. Siraran da ke jere hagu da dama, ɓangarorin ganyen ne. Ashe mai kwana a gadon gwangwala a kan ganye yake kwana.

Amma in ganye falle ɗaya kuke so, wanda bai rarrabu ba, sai mu haura Kudancin Amurka. Can akwai wani ƙaton bado mai suna Victoria boliviana, wanda sai a 2022 masanan lambun Kew na Landan da takwarorinsu na Bolibiya suka tabbatar jinsi ne mai zaman kansa. An auna ganyensa a wani lambu a Bolibiya, faɗin mita 3.2. Ku dubi ƙarƙashinsa: jijiyoyi ne masu kauri sun sarƙe, cike da iska, shi ya sa ba ya nitsewa. Ga ƙaya ko'ina. Da ita yake kare kansa daga masu ci, kuma in yana buɗewa sai ya ture duk tsiron da ya tare masa wuri. A 1849, a Ingila, mai lambu Joseph Paxton ya tsayar da ƙaramar 'yarsa a kan ganyen ɗan'uwan wannan bado, Victoria amazonica, ganyen kuma ya ɗauke ta.

To, me ya sa manyan ganyaye ke taruwa inda ake da zafi da ruwa a wadace? Babban ganye yana saurin ɗaukar zafi, kuma ba ya hucewa sai ya fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinsa. Inda ruwa ya yi ƙaranci, rana ce za ta dafa shi. Inda ake tsananin sanyi kuma, da dare yakan fi iskar da ke kewaye da shi yin sanyi, har ya daskare. Shi ya sa bagaruwa, gawo da tsamiya, da ke fama da dogon rani, suka raba nasu ganyen ƙanana-ƙanana, ita kuwa tukurwa ba ka samunta sai a fadama ko bakin rafi.