Lacca: Yaron da ke tsoron masai

Assalamu alaikum. Iyaye mata, iyaye maza, da kakannin da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan yaro ɗan shekara biyu ko uku ce, wanda aka fara koya wa zaman fo, amma da an nufi banɗaki da shi sai ya ƙanƙame uwarsa, ya sandare, ya tsala ihu. Abin da aka fi faɗa shi ne "taurin kai ne kawai". Ina roƙonku ku jingine wannan hukuncin tukuna, domin yawanci tsoro ne na gaske, kuma yana da dalili.

Wata rana ku durƙusa ku kalli masai daga tsayin yaron. Bakinsa ya fi mazaunansa faɗi. In na zama ne, ƙafafunsa reto suke yi, ba inda zai dafa. Kashi ya faɗa, ruwan sanyi ya fantsamo masa. A danna kuma, ruwa ya yi ruri ya haɗiye abin da ya fito daga jikinsa yanzun nan. Yaro a wannan shekarun bai gama gane cewa shi ba zai wuce ta wannan ramin ba. In masai na tsugunno ne, ga duhun rami a ƙarƙashinsa. To me zai hana shi kuka?

Amma babban dalilin da aka fi mantawa da shi shi ne ciwo, kuma a nan zan ɗan daɗe. Yaro ya taɓa yin kashi mai tauri, ya yi ta nishi, wataƙila har duburarsa ta ɗan tsage. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gobe da ya ji kashi sai ya matse. Za ku gan shi ya laɓe bayan ƙofa, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya harɗe cinyoyi, fuska ta yi jajir. Uwa ta ɗauka yunƙurin yi yake, alhali riƙewa yake yi. Shi kuwa babban hanji aikinsa tsotse ruwa, don haka duk daɗewar kashi a ciki ƙara bushewa yake yi, ya ƙara girma. Ranar da ya fito zafin ya ninka na baya, tsoron ma ya ninka. Idan abin ya yi nisa, mai ruwa-ruwa kan zagaye wanda ya toshe ya ɓata wando ba tare da yaron ya sani ba, a yi ta dukansa a kan abin da ba ya iko da shi.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wani likitan yara a Amurka, Bruce Taubman, ya wallafa bincike a 1997 wanda ya nuna kusan yaro ɗaya cikin biyar kan yarda ya yi fitsari a fo amma ya ƙi yin kashi a ciki na wani lokaci. Saboda haka kafin ku yi faɗa da tsoron, ku duba kashin. Yana da tauri? Ƙanana ne busassu? Yana kwana biyu ko uku bai yi ba? A ƙara masa ruwan sha da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, in bai yi laushi ba a kai shi wurin likita. Muddin yana jin zafi, lallashi ba zai yi aiki ba.

In an kawar da ciwo, sai a bi shi sannu a hankali. Tun 1962 likita T. Berry Brazelton ya ba da shawarar a bi shirin yaro maimakon a tilasta shi, bayan ya bibiyi yara sama da 1,000. A fara da ƙaramin fo a wuri mai haske da ya saba da shi. Ya zauna da kayansa a jiki, ko minti ɗaya ne, ya tashi. Bayan kwanaki ya zauna da famfas kawai. In ya ce shi sai a famfas zai yi kashi, ku ba shi, amma ya yi a cikin banɗaki. Daga nan ya yi yana zaune a kan fo. Sannan a kwance famfas ɗin. Wasu na ganin wannan shagwaɓa yaro ne. Ni ban yarda ba, don hana shi famfas ɗin ne ke sa ya riƙe kwana da kwanaki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, domin cikar ciki kan motsa hanji. Minti 3 zuwa 5 ya isa. In a babban masai ne, a sa masa ƙaramin mazauni da ɗan abin taka ƙafa, yadda gwiwoyi za su ɗan ɗara ƙugu. Kada a danna ruwa yana zaune. A bari ya fita, daga baya shi da kansa zai nemi dannawa.

Sai harshe. "Ƙazami", "tir", "dodo zai kama ka", duk a daina. In ya zauna, ko bai yi komai ba, a ce masa "yauwa, ka zauna da kyau". In ya ɓata wando, a wanke shi ba tare da ɓata fuska ba. Kuma kada a fara koyon nan a lokacin da aka yi masa ƙane ko aka sauya gida. In ya ƙi gaba ɗaya, a dakata makonni kaɗan a sake gwadawa.

Wata baiwar Allah ta aiko da takarda tana tambaya yaushe za a je asibiti. Malama, in kin ga jini a kashi, ko kumburin ciki da amai, ko yana kuka in zai yi fitsari, ko yaron da ya riga ya iya ya koma ɓata wando kullum, kada ki jira. Haka nan in ya kai shekara 4 bai yarda da masai ba. Fitsarin kwance kuwa dabam ne, yakan kai shekara 5 ko fiye kafin ya ɗauke.