Zomon da ke cikin wata: abin da sunan Usagi Tsukino yake ɗauke da shi

Masu kallo, a kashi na farko na shirin katun mai suna Sailor Moon, wanda tashar TV Asahi ta Japan ta nuna a ranar 7 ga Maris 1992, an fara nuna mana wata yarinya 'yar shekara 14 da ta makara zuwa makaranta. A hanya ta tarar da yara suna wahalar da wata baƙar kyanwa, ta kore su, sannan ta ɓare filastar da aka liƙa wa kyanwar a goshi, sai ga tambarin jinjirin wata a ƙarƙashinta. Daga nan wata ya shiga labarin, bai kuma sake fita ba har aka kammala kashi 200 a 1997.

Naoko Takeuchi, wadda ta ƙirƙiri labarin a mujallar Nakayoshi, ta raɗa wa yarinyar suna Tsukino Usagi, wanda a kunnen ɗan Japan yake fita daidai da "zomon wata". Mutanen ƙasar idan suka ɗaga kai suka dubi duhu-duhun da ke fuskar wata, zomo suke gani riƙe da taɓarya yana dakan shinkafa a turmi. Tsohuwar tatsuniyar da ta zo musu ta hanyar addinin Buda ta ce wani tsoho ne ya roƙi biri da yanyawa da zomo abinci. Biri ya tsinko 'ya'yan itace, yanyawa ta samo nata, shi kuwa zomo da ya rasa abin bayarwa sai ya faɗa cikin wuta domin tsohon ya ci namansa. Ashe tsohon abin bautarsu ne ya ɓad da kama, don haka ya ɗora surar zomon a kan wata.

Wannan tatsuniya ce, a ganina, mabuɗin halin Usagi. Ba ta da ƙoƙari a karatu, domin maki 30 ta ci a jarrabawar da aka nuna a kashin farko, ga ragwanci ga saurin kuka, amma duk lokacin da tura ta kai bango, abin da take iya miƙawa shi ne ranta, kuma tana miƙa shi. Lu'ulu'un azurfa mai ƙarfin sihiri da ta gada yana iya hallaka mai amfani da shi idan ya saki dukkan ƙarfinsa, wato wutar da zomo ya faɗa ce ta dawo da wata siffa. Haka kuma, kamar yadda wata ba shi da hasken kansa sai wanda ya aro daga rana, ita ma, da take rikiɗa ta zama jaruma Sailor Moon mai yaƙi da miyagu, a manyan gwagwarmayoyinta da ƙarfin ƙawayenta take cin nasara.

Hatta gashinta bai tsira ba. Curi biyun da take ɗaurewa a ka ana kiran su odango, sunan 'yan dunƙulen shinkafa masu kama da curin fura, waɗanda ake jerawa a bikin kallon wata na Tsukimi a daren 15 ga watan takwas na tsohuwar kalandarsu.

Takeuchi ta kuma ɗebo daga tatsuniyoyin Girkawa, inda Selene, allahiyar wata, ta kamu da son wani ɗan Adam mai suna Endymion. Shi ya sa a rayuwarta ta baya Usagi ta kasance Gimbiya Serenity ta masarautar wata, masoyinta kuma Yarima Endymion na duniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka sarrafa tambarin kansa. A goshin 'yan gidan sarautar wata, jinjirin ruwan zinariya ne, ƙahonninsa suna kallon sama. Da aka zo zango na biyu aka kawo abokan gaba na dangin Black Moon, ba a ƙirƙira musu sabuwar alama ba, sai aka ɗauki wannan jinjirin aka mayar da shi baƙi aka kife shi. Lokacin da suka janye Chibiusa, 'yar da Usagi za ta haifa nan gaba, zuwa ɓangarensu, baƙin jinjirin nan ne ya bayyana a goshinta, kuma mai kallo ya gane abin da ya same ta tun kafin ta buɗe baki.