Windows ko Linux: Dogarin da Ke Kwana a Ƙurya

Lacca ce da aka gabatar wa ɗaliban kimiyyar kwamfuta, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Bari in fara da tambaya. Waye a cikinku ya taɓa zama ya zaɓi babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa? Hannu uku kacal. Sauran kuma abin da mai shago ya ɗora muku shi kuka taho da shi gida. Ba laifinku ba ne. Sai dai tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, ita kuwa Windows 11 tana neman abin tsaron da ake kira TPM 2.0 da kuma, in kwamfutar mai ƙwaƙwalwar kamfanin Intel ce, zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutocin hannu da yawa da muke saye a kasuwa ba su kai nan ba. Zaɓin da muke ta kauce wa, ga shi ya biyo mu har gida.

Masu barin Windows saboda sirri suna da hujja. Windows tana aika wa kamfaninta bayanan yadda na'urarka ke aiki, kuma a nau'in gida za ka iya rage su ne kawai, ba ka iya kashewa gaba ɗaya. Windows 11 ba ta son ka gama girka ta sai ka shiga intanet ka buɗe asusun Microsoft. A watan Mayun 2024 kuma suka sanar da Recall, wadda ke ɗaukar hoton allonka bayan 'yan daƙiƙoƙi don ka iya nemo abin da ka gani jiya. Masana tsaro suka yi ca, aka ɗage fitowarta, aka mayar da ita sai wanda ya kunna da kansa. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, a buɗe take, kowa na iya duba abin da ke cikinta, kuma Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'inta, ba za ta tambaye ka asusun kowa ba.

To me ya hana matasa ƙaura? Wasa.

A da amsar gajeriya ce: wasanni ba sa tashi a Linux, shi ke nan. Kamfanin Valve, mai dandalin sayar da wasanni na Steam, shi ya sauya lissafin. A 2018 ya fitar da Proton, wani irin tafinta ne, wasan na magana da harshen Windows, shi kuma yana fassara wa Linux nan take. A 2022 ya fitar da Steam Deck, na'urar wasa ta hannu wadda Linux ce a cikinta. Yau dubban wasannin da aka yi wa Windows suna tashi lafiya lau. Duk da haka, a ƙididdigar Steam ɗin kanta sai ƙarshen 2025 Linux ta haura kashi 3 cikin ɗari, Windows na riƙe da kusan 95.

Yanzu ku ajiye wayoyin nan, don nan ne gizo ke saƙa.

Ku ɗauki kwamfuta a matsayin gida. Manhajojin da kuke buɗewa kullum baƙi ne, zaure suke tsayawa, in sun yi nisa su kai tsakar gida. Amma akwai ƙuryar ɗaki inda maigida ke ajiye makullai, ita ce zuciyar babbar manhaja. Wanda ya shiga can yana iya ganin duk abin da ke motsi a gidan. Wasannin gasa ta intanet suna fama da masu maguɗi, sai kamfanoninsu suka ce ba za su iya kama su daga zaure ba, dole dogarinsu, wato manhajar da ke kama maguɗi, ya shiga ƙurya. Kamfanin Riot Games ya fito da nasa dogarin, Vanguard, tare da wasan Valorant a 2020, aka tsara shi ya tashi tare da kwamfutar tun kafin ka buɗe wasan. A 2024 aka ɗora shi kan League of Legends, masu buga shi a Linux suka tattara komatsansu. A shekarar dai Apex Legends ta rufe musu ƙofa. Fortnite ma ba ya tashi a Linux. Wasan ƙwallon EA, wanda na san rabinku saboda shi kuka sayi kwamfutar (kar ku yi mini musu), tun FIFA 23 yake zuwa da irin wannan dogari.

Kun ga abin mamakin? Mutum na ƙorafi Microsoft na leƙa masa tsakar gida, alhali da hannunsa ya miƙa wa kamfanin wasa makullin ƙurya. Ban ce suna satar hotunanku ba, ku rubuta wannan da kyau. Abin da na ce shi ne ikon yana hannunsu, kai kuma amana ce kawai ka bayar. Amana kuwa tana iya faɗawa hannun wani. A 2022 masu bincike a Trend Micro sun gano ɓarayin intanet na amfani da dogarin wasan Genshin Impact suna kashe manhajar riga-kafi kafin su kulle bayanan mutane su nemi kuɗin fansa. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, kuskure ɗaya a sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike, wadda ita ma a ƙurya take kwana, ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Wannan ma ba mugunta ba ce, kuskure ne kawai.

Wani ɗalibina ya kawo mini kwamfutarsa kwanaki, wai tana nauyi. Na buɗe, sai ga Windows ta bayan fage, ga wasan ƙwallo da aka fasa masa kulle aka turo masa a filashi, an kashe riga-kafi don wasan ya tashi. A kan teburin allon, dab da alamar wasan, ga hoton katin shaidarsa na ƙasa da takardar banki. Da na tambaye shi sai ya ce, "Malam, ai ni Recall ɗin nan nake tsoro." Kwamfutarsa ko Recall ɗin ba za ta iya ɗauka ba. Yana gudun kura, damisa na kwance masa a ɗaki.

Mac, kwamfutar kamfanin Apple, ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Ta fi kyautata sirri a ganina, amma tsada gare ta, wasanninta kuma kaɗan ne.

Ga yadda ni nake yi. Kafin ka taɓa komai, rubuta sunayen wasanni uku da kake bugawa da gaske, ka shiga shafin intanet na ProtonDB ka duba ko suna tashi a Linux. In wasannin labari ne da kake yi kai kaɗai, yawanci za ka samu suna tashi, sai ka ƙaura hankali kwance. In kuwa akwai mai dogari a ciki, kar ka yaudari kanka, Windows za ka riƙe. Sai ka raba ɗaki: Windows a faifai ɗaya don wasa zalla, Linux a wani faifan, a kulle da kalmar sirri, don banki da karatu da hotunan iyali. Faifai biyu daban sun fi a tsaga ɗaya, domin sabuntawar Windows takan taɓa hanyar tashin ɗayar. Mai hali kuma ya sayi PlayStation, ya bar kwamfutar ta yi aikinta.

Saura minti goma. 'Yar'uwa mai shuɗin hijabi, tun ɗazu hannunki yake sama, bismillah.