Wa da Ƙane Bayan An Girma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayenmu maza da mata da suka karrama mu da halarta, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

An nemi in yi magana a kan rayuwar iyali da sauye-sauyen da matashi ke fuskanta, amma da yake fagen yana da faɗi, zan tsaya a kan ɓangare guda wanda na daɗe ina ganin ba a ba shi haƙƙinsa a wa'azi da laccoci. Kullum ana karantar da mu haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya da haƙƙin miji da mata, amma ba kasafai ake zama a kan abin da ke tsakanin wa da ƙane ko ya da ƙanwa ba, musamman a shekarun nan na 18 zuwa 35, alhali a cikinsu ne zumuncin yake ƙulluwa ko ya warware. Iyaye galibi sukan riga mu tafiya, abokin aure da 'ya'ya kuwa daga baya suke zuwa, saboda haka ɗan'uwa ne mutumin da ya fi kowa daɗewa tare da kai a duniya.

A zamanin kakanninmu, tsarin gida ne yake riƙe da 'yan'uwa ko da zukatansu ba su haɗu ba. A ƙauyukan ƙasar Hausa akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suke noma gona ɗaya, su zuba amfanin a rumbu ɗaya, maigida ya ɗauki nauyin abinci da haraji da auren samari, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma don biyan ƙananan buƙatunsa. Idan uba ya rasu, sau da yawa babban wa ne yake ci gaba da riƙon gandun. Ba na cewa babu rigima a wancan lokaci, akwai ta, amma mutum ba ya iya ƙaurace wa wanda zai kama kunyar noma ɗaya da shi a gona gobe da safe.

Yau wannan igiya ta tsinke a mafi yawan gidaje. Ɗaya yana karatu a Zariya, ɗaya yana tsaron shago a Kantin Kwari, ɗaya ya tafi Legas neman kuɗi, wani kuma shirin bautar ƙasa, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ya jefa shi wata jiha mai nisa. Idan saurayi ya dawo bayan shekara guda, sai ya tarar ƙanensa ya gaje ɗakinsa na soro, ƙanwar da take ajiye masa tuwon dare an kai ta gidan miji, autan da ya bari yana wasan ƙasa ya fara yi masa musu a kan ƙwallo. Babu wanda ya yi masa laifi, amma zai kwana yana jin kamar baƙo ne a gidan ubansa. Waɗanda yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya zaunar a gida sun ɗanɗani wani abu makamancin haka: an saba da kai a matsayin mai zuwa hutu, sai ga shi ka zama mazauni, ana aikenka cefane kana ganin ka wuce nan.

Abin da ya maye gurbin gandu a yau shi ne waya da tura kuɗi, kuma a nan nake son mu daɗe. Ku tambayi duk wani ɗan fari da ya fara ɗaukar albashi. Wayarsa za ta yi ƙara, ya ga sunan ƙanensa, kafin ya ɗauka gabansa ya faɗi, domin ya san bayan "Yaya, ina wuni, ya aiki?" abin da zai biyo baya shi ne kuɗin rajista ko na magani ko na kati. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashin da yake kai shi ƙarshen wata ya daina kai shi tsakiya, amma a gida ana kallonsa a matsayin wanda Allah ya ɗaga. Kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba, sai ya fara ƙin ɗaukar waya. Ƙane kuma ya ce Yaya ya samu duniya ya canza, ko a ɗora wa matarsa laifi, a ce ita ta raba shi da danginsa. Haka ake gina gaba ta shekara da shekaru a kan maganar da minti biyar na gaskiya zai warware.

Ɗaukar nauyin ƙanne abu ne mai daraja, kuma yana da asali a addini. Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, yana matashi mahaifinsa ya yi shahada a yaƙin Uhudu, ya bar masa bashi da 'yan'uwa mata da yawa. Da ya tashi aure sai ya auri bazawara, kuma da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi dalili, sai ya ce ba ya son ya kawo wa 'yan'uwansa yarinya irinsu, yana son wadda za ta kula da su ta gyara musu kai. Annabi ya yi masa addu'ar albarka. Wannan saurayi ya sa ƙannensa a lissafi har a zaɓen matar aure. Amma ina roƙon ƙanne su lura da cewa babban wa magajin uba ne a nauyi, ba a ƙarfi ba. Shi ma jiya-jiya ya bar makaranta, shi ma yana da kuɗin haya a kansa. Wanda ya kai shekara 25 yana da hannu da lafiya bai kamata a ce har yanzu sunansa yana cikin jerin masu karɓa kawai ba. Ko buhun gawayi ne ya saya wa Inna, ya rage wa wansa wani abu. Kuma ya riƙa kiran yayansa wani lokaci ba tare da wata buƙata ba, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar iyalinsa, ya ajiye waya.

Yayye kuma ga naku. Yaron da ka goya, ka raka makarantar allo, ka tsawata masa, yanzu ya zama magidanci. Idan ka ci gaba da yi masa tsawa a gaban matarsa, ko ka yanke shawarar gida kai kaɗai sannan ka aika masa da sakamako, zai ci gaba da durƙusa maka amma zai daina gaya maka cikinsa. Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah a cikin Suratu Ɗaha ya ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna, ya kuma sanya shi abokin tarayya a cikin al'amarinsa. Tarayya ya nema, wato a yi shawara tare a ɗauki nauyi tare.

Wadda aka fi zalunta a wannan sauyi ita ce 'ya mace. Ranar da aka kai ta ɗakinta, 'yan'uwa maza sun yi ɗawainiyar kujeru da gara, daga nan wasu ba za su sake taka ƙofar gidan ba sai ranar suna. Ita ba ta fita sai da izini, kuɗin mota ya yi tsada, ga goyo. Wanda ya taɓa kai wa ƙanwarsa ziyara ba tare da wani dalili ba ya san abin da nake nufi. Tana jin sallamarka za ta fito da gudu ko mayafi ba ta gyara ba, ta shimfiɗa maka darduma, ta kawo ruwa, ta aiki yaro ya sayo lemo da kuɗin da ta ƙulle a bakin zane, tana ta tambayarka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da maƙwabta. Mijinta da danginsa kuma sun ga tana da gata, kuma wannan kaɗai yana hana wulaƙanci da yawa. Zumunta a ƙafa take, kuma saƙon barka da Juma'a a WhatsApp bai isa ya sauke wannan nauyi ba.

Sai maganar 'yan ubanci, wadda iyayenmu da ke zaune a nan suke da hannu a cikinta. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa Annabi ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya ba ɗa guda ya bar sauran, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Yawancin ƙiyayyar da ke tsakanin ɗakuna gadonta yara suka yi, ba su suka haifar da ita ba, kuma matashin da ya yi hankali yana da ikon ya ce ta tsaya a kansa. Tarihinmu ya nuna hakan mai yiwuwa ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u 'ya'yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, amma ba ɗakinsu ɗaya ba: mahaifiyar Bello Hauwa'u ce, ta Asma'u kuma Maimuna. Duk da haka ta kasance cikin mafi kusanci da shi a harkar ilimi, ta ɗauki abin da ya rubuta da Larabci game da salihan mata ta mayar da shi waƙa domin matan karkara su fahimta, kuma da ya rasu a Wurno a 1837 ta yi masa marsiyya.

Na bar maganar gado a ƙarshe domin a nan ne duk abin da aka ɓoye yake fitowa fili. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo, mata ma suna da rabo, daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Amma abin da muke gani shi ne uba ya rasu, a ce kunya ba za ta bari a yi maganar rabo yanzu ba, babban wa ya ci gaba da zama a gidan yana karɓar kuɗin hayar shaguna, mata kuma a ce su yi haƙuri tunda suna gidan miji. Shekara goma ta wuce, wasu magada su rasu, gado ya hau kan gado, jikokin da ba su san juna ba su haɗu a gaban alƙali. Shawarata ita ce, da zarar an biya bashi an zartar da wasiyya, a kira malamin da ya san ilimin rabon gado, a tara kowa har da matan da ke aure a wasu garuruwa, kowa ya ji kasonsa da kunnensa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Idan bayan haka kun ga dama ku bar gidan a haɗe domin mahaifiya ta ci gaba da zama a ɗakinta, wannan alheri ne, amma ya kasance kowa ya san abin da ya bari, kuma da yardarsa ya bar shi.

Shugaba ya yi mini nuni cewa lokaci ya yi, zan dakata a nan domin a samu damar yin tambayoyi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.