Ka sa wa babur ƙaton tanki: ina doka take kama mutum?

Assalamu alaikum jama'a. Ku kalli babur ɗin nan da kyau. Boxer ce, irin wadda kowa ya sani, amma dubi tankinta. Ba da shi ta fito daga kamfani ba. Mai walda ne ya yanka, ya ƙara masa ciki, ya mayar.

Kwana biyun nan tambaya ɗaya ake ta turo min: shin doka ta yarda a sa wa babur ƙaton tanki? Wani ya ce an gaya masa haramun ne, ana ganinka za a ɗauke babur. Wani kuma ya ce, kuɗina na sa na saya, ina ruwan wani da tankina? To duk su biyun akwai inda suka kauce, kuma wuri ɗaya ne.

Dalilin yin sa ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, kowa ya koma lissafin lita. Tankin irin waɗannan babura bai fi lita goma da 'yan kai ba. Mai zuwa cin kasuwar ƙauye, ko mai kai kaya Bichi, Gwarzo ko Wudil, so yake ya cika a gidan man da ya yarda da litarsa, ya huta da 'yan bumburutu. Wasu kuma kwalliya ce kawai, samari ne masu son a waiwayo idan sun wuce. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu.

Idan tankinka ya yi tsatsa ko ya fashe, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano ka sayo irinsa, launi ɗaya girma ɗaya, wannan gyara ne kamar canjin taya. Mu wuce.

Yanzu ga wurin da nake so mu zauna. Ɗauko takardun babur ɗinka. Ga lambar rajista, ga lambar inji, ga lambar shasi. Lambar shasi tana nan a wuyan babur, ta inji tana jikin inji, canjin tanki bai taɓa su ba. Shi ya sa mutane suke cewa ai babu abin da ya canja. To sauko ƙasa kaɗan. Ka ga wannan layin? Launi.

Tambayi kanka, a jikin babur ina launi yake? Taya baƙa ce, inji ruwan toka, kujera baƙa. Idan aka ce jan babur, tankin ake nufi, sai 'yan murafen gefe. A mota sai ka yi wa jiki duka fenti kafin a ce ta canja launi. A babur kuwa, kusoshi kaɗan za ka kwance, ka cire jan tanki ka ɗora shuɗi, shi ke nan ka zama mai babur ɗin da takardarsa take bayanin wani daban.

Dokokin zirga-zirgar hanya na ƙasa na shekarar 2012 sun ce wanda zai canja launin abin hawansa sai ya nemi amincewar hukumar rajista, a gyara bayanan. Babur ma abin hawa ne mai rajista, bai fita daga ciki ba. Kuma akwai hikima a nan. Duk wanda aka taɓa sace wa babur a garin nan ya san abin da ɓarawo yake fara yi: ya cire lamba, ya canja tanki. To ka sa kanka a matsayin jami'in da ya tsayar da kai a titin Zariya. Takarda ta ce ja, idonsa yana ganin shuɗi. Me kake so ya yi tunani? Kai ka san naka ne, shi bai sani ba. Nan ne mutumin kirki yake ɓata wuni guda yana rantse-rantse.

Saboda haka, in za ka canja tanki, hanya mafi sauƙi ita ce ka yi masa fenti irin launin da ke takarda. In kuwa ranka ya biya da sabon launi, fara zuwa ofishin rajistar ababen hawa kafin ka je wurin mai fenti. Ka ajiye rasit ɗin tankin. Ka ɗauki hoton babur ɗin kafin aiki da bayan aiki. Ni har tsohon tankin nake ba da shawarar a ajiye a gida, kada a yi saurin sayar wa 'yan gwangwan.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne lafiyar abin hawa, aikin jami'an VIO ke nan, kuma 'yan kiyaye haɗurra da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, su ma ba za su ga babur yana ɗigar da fetur su ɗauke kai ba. Ku dubi wannan ɗinkin waldar. Kun ga danshin nan? Yoyo ne, kuma a saman inji mai zafi da fulogi yake sauka. Ku dubi murfin. Murfin kamfani yana da 'yar kafar shan iska. In babu ita, ko mai ya daina sauka babur ya riƙa mutuwa a hanya, ko tanki ya kumbura a rana. Fetur yana ƙaruwa da zafi: lita 20 da aka zuba da sanyin safiya, in zafinsa ya hau da digiri 20, zai ƙaru da abin da ya fi rabin ledar ruwa. A Kano kuwa, watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Dole a bar masa wurin numfashi.

Ga nauyi kuma. Lita 20 ta fetur kusan kilo 15 ce, a sama, tana kai-kawo duk lokacin da ka taka birki. Juya kan babur ɗin har ƙarshe, dama da hagu. In ya taɓa tanki, aikin bai yi ba, a sake.

Bari in roƙi masu walda, don Allah. Tankin da aka juye man cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage shi ne yake fashewa. A wanke, a cika da ruwa, a sake wankewa kafin wuta ta matso. Kuma a kori yaran shago gefe.

Masu nufar hanyar Daura ko Maigatari, ku sani ƙaton tanki kusa da iyaka wata fassara ake yi masa, ta safarar mai, kuma kwastan za su tambaya. In kana da inshora, ka gaya musu ka yi canji, su rubuta.

Shi wannan na gabanmu, mun duba takardarsa ɗazu: ja aka rubuta, tankin kuma baƙi ne. Mai shi ya ce gobe da safe zai mayar da shi wurin mai fenti, a toshe yoyon nan tukuna.