Jirgin "Red-Eye": Kalmar Da Ba Ta Faɗin Lokaci

Jama'a masu sauraro, abin da ya tunzura ni yau shi ne abin da ya sami wani ƙanena da zai tafi Ingila karatu. Mai sayar da tikiti ya sallame shi da kalma ɗaya tak, wai jirginsa "red-eye" ne, wato na dare. A jikin tikitin an rubuta ranar Talata, ƙarfe 00:30. Yaron ya isa filin jirgi bayan isha'in Talata, da akwatinsa da ƙunshin kilishin da mahaifiyarsa ta naɗe masa, sai aka shaida masa cewa jirgin ya tashi kusan sa'o'i 20 da suka wuce.

Kalmar ba ta faɗin lokaci, kuma ba a ƙirƙire ta don ta faɗi lokaci ba. Amurkawa sun ɗauko ta ne daga idon fasinjan da ya kwana a zaune, ya sauka da asuba idanunsa jajur. Misalin da suka fi bayarwa shi ne jirgin da ke barin Los Angeles wajen ƙarfe 10 na dare, ya yi sa'o'i biyar da 'yan kai a sama, ya sauka New York gari ya waye, saboda agogon gabas yana gaba da na yamma da sa'o'i 3. An sace wa mutum daren, ga shi kuma ana jiran sa a ofis.

To amma su kansu masu harshen ba su daidaita a kanta ba. Wasu sun ce duk jirgin da ya kwana a sama ya cancanci sunan, wasu suka ce sai wanda tafiyarsa ta gaza isar mutum barci, wasu kuma suka taƙaita shi ga mai nufar gabas, tun da wanda ya bar New York ƙarfe 10 na dare zai sauka Los Angeles wajen ƙarfe 1, ya samu gadonsa. A bakin mai ɗaukar hoto kalmar na nufin jan da hasken kyamara ke sa wa ido, a shagon kofi tana nufin kofi mai ƙarin ƙarfi, a da kuwa har barasa mai arha ake kira da ita. Da wannan kalma ce za a sallami yaron da bai taɓa shiga jirgi ba?

Ana cewa ai haka ake magana a harkar, kowa ya sani. Wane ne kowa? Wasu kuma sun fassara ta kai tsaye, suna cewa "jirgin jan ido", alhali jan ido a Hausa tsoratarwa ne da nuna ba sani ba sabo, jajayen idanu kuwa ko fushi, ko kuka, ko ciwon Apolo. Babu ɗaya daga cikinsu da ya gaya wa matafiyi ƙarfe nawa zai bar gida.

Abin takaicin ma, lissafin iyayenmu ya fi wannan kalma daidai, domin a wurinsu daren Talata da magaribar Litinin yake shigowa, kuma da an ce wa yaron "daren Talata" a gaban kakarsa, da ita ce za ta tura shi filin jirgi ranar Litinin. Jiragen da ke tashi daga Abuja da Legas zuwa Turai da yawansu cikin dare suke tashi, saboda haka wanda ya karɓi kuɗin mutum ya faɗa masa rana, ya faɗa masa sa'a, ya faɗa masa lokacin da zai fita daga gida. Ƙanen nawa dai sai da muka yi masa karo-karo aka canza tikitin, ya isa makaranta an riga an fara darasi.